Igiyar Da Ba Ta Da Ƙarshe: Tarihin Tambayar Farkon Duniya A Zaurukanmu

Masu karatu, yau zan ɗan ajiye labaran soyayya da na kishi da na saba kawo muku, in ɗauko wata magana da ta tsaya mini a rai tun bazarar da ta wuce. Ina roƙon ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, domin maganar ta shafi 'ya'yanmu.

Wani dare ne aka ɗauke wuta a nan unguwarmu ta Rijiyar Lemo, zafi ya hana kowa kwana a ɗaki, sai muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. 'Yata ta uku, wadda take aji huɗu a firamare, tana kwance tana kallon taurari, can sai na ji ta ce, "Baba, kafin Annabi Adamu su wa ke nan?" Na ce mala'iku da aljanu. Ta ce, "Kafin su fa?" Na ce Allah ne ya sani. Ta yi shiru kamar ta yi barci, sai kuma ta ce, "To Baba, yau tana da jiya, jiya ma tana da tata jiyan. Idan ana ta komawa baya, ana ta komawa baya, a ina za a tsaya?" Mahaifiyarta ta daka mata tsawa, ta ce ta rufe mana baki ta yi a'uziyya. Ni ma na ɗaure fuska na ce ta kwanta. Gaskiyar magana kuwa ita ce ba ni da amsa, shi ya sa na ɓuya a bayan faɗa.

Bayan kwana biyu na je Fagge gaida kawuna, dattijon da ya shafe shekaru yana karantar da ɗalibai a zaurensa bayan sallar asuba. Da na ba shi labari sai ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "Kai ɗan nan, ashe bokon naka bai yi maka rana ba. Ai yarinyar nan darasin tauhidi ta tambaye ka." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba irin tambayar da aka hana ba ce?" Ya ce hadisin da uwarta take nufi gaskiya ne, yana cikin Bukhari da Muslim, amma yana magana ne a kan waswasin da Shaiɗan ke jefa wa mutum har ya kai shi ga tambayar wanda ya halicci Mahalicci. Tambayar ko duniya tana da farko kuwa, malamai sun zauna sun amsa ta da hujjar hankali. Ya miƙa hannu cikin gafaka ya zaro wani ɗan littafi mai jar takarda da ya ce a Kasuwar Kurmi ya saye shi tun yana saurayi, wato Ummul Barahin. Daga wannan zama na shiga bin diddigin maganar, ga kuma abin da na tarar.

Muhawarar ta girmi Musulunci. Masanin Girka Arisɗo, wanda ya mutu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ganin duniya ba ta da farko, sammai sun daɗe suna juyawa kuma za su ci gaba. Sai dai shi da kansa ya raba rashin iyaka gida biyu. Akwai irin na ƙirge, wanda duk lambar da ka faɗa za a iya ƙara mata ɗaya, amma ba a taɓa gama shi. Akwai kuma wanda za a ce ga shi nan a tare cikakke, an gama tara shi alhali ba shi da iyaka. Arisɗo ya yarda da na farko, ya ce na biyu ba ya yiwuwa. A nan ne aka kama shi. A shekara ta 529 Miladiyya wani malamin Kirista a birnin Iskandariyya ta Masar, wanda Larabawa ke kira Yahaya an-Nahwi, ya rubuta raddi ga masu cewa duniya ba ta da farko. Hujjarsa ita ce, idan kwanakin da suka wuce ba su da iyaka, to an riga an gama ƙetare abin da ba ya ƙetaruwa kafin a iso yau.

Tunda ni ɗan Rijiyar Lemo ne, bari in kawo misalin da rijiya. Ka tsaya a bakin rijiya kana jan igiya domin guga ya fito. Idan igiyar gaba goma ce za ka gama ja, idan gaba dubu ce za ka sha wuya amma guga zai fito. To idan igiyar ba ta da ƙarshe fa? Ko ka shekara malala gashin tunkiya kana ja, guga ba zai taɓa zuwa hannunka ba. Yau ɗin nan da muke ciki ita ce gugan, ga ta kuwa a hannunmu. Ke nan igiyar kwanakin da aka jawo kafin ta iso tana da iyaka.

Da aka fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, wannan hujja ta shigo hannun Musulmi. Al-Kindi, wanda ake yi wa laƙabi da masanin falsafar Larabawa, ya rubuta wa Halifa Mu'utasim (ya yi mulki 833 zuwa 842) littafi a kan falsafa ta farko, inda ya kawo nasa lissafin. Ya ce a ɗauka akwai jiki marar iyaka, sai a yanke wani yanki daga jikinsa. Abin da ya rage, idan yana da iyaka, to mayar masa da yankin ba zai sa ya zama marar iyaka ba. Idan kuma ba shi da iyaka, to an sami marar iyaka biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma, ko kuma yanki ya yi daidai da dukkan abu. Duka biyun hankali bai karɓa ba, saboda haka jikin duniya da motsinta da lokacinta duk suna da farko.

Amma ba duk masanan Musulmi suka bi al-Kindi ba. Al-Farabi da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sun tafi a kan cewa duniya Allah ne sababinta, ba ta iya tsayuwa da kanta ko na ƙiftawar ido, sai dai babu wani lokaci da aka yi babu ita, kamar yadda haske yake tare da rana. Wannan ra'ayi ne Imam al-Gazali ya tasar wa a cikin Tahafutul Falasifa, wanda ya kammala a 1095. Mas'aloli 20 ya tattauna a littafin, ta farko kuma mafi tsawo ita ce ta daɗewar duniya, tana kuma cikin guda uku da ya ce sun fitar da mai su daga addini. Misalinsa na taurari ne. A lissafin masana falaki na lokacin, rana tana gama zagayenta a shekara ɗaya, tauraron Mushtari a shekara 12, Zuhal kuma a shekara 30. Idan babu farko, zagayen rana ba shi da iyaka, na Zuhal ma ba shi da iyaka, alhali duk zagaye ɗaya na Zuhal rana ta yi 30. Yaya marar iyaka zai ninka marar iyaka sau 30? Ya kuma tambaya ko adadin zagayen nan mai rabuwa biyu daidai ne ko mai saura ɗaya. Daga baya alƙalin Kurɗuba ta Andalus, Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani sakin layi bayan sakin layi a cikin Tahafutut Tahafut. Ka ga ashe manyan malamai ne suka yi ta gwabzawa da alƙalami a kan tambayar da na hana 'yata.

To yaya maganar ta iso ƙasar Hausa? Hanyarta ta biyo ta birnin Tilimsan da ke ƙasar Aljeriya ta yau. A can ne Shehu Muhammadu ɗan Yusuf as-Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ya taƙaita wannan ilimi cikin 'yan shafuka, wato Ummul Barahin ɗin da kawuna ya nuna mini, wanda kuma ake kira Sugura. Littafin ya fara ne da raba hukuncin hankali gida uku, wajibi da mustahili da ja'izi, sannan ya jero siffofi 20 da yawancinmu muka haddace a Islamiyya ba tare da mun san hujjarsu ba. Hujjar kuwa ga yadda take. Duk wani jiki a duniya ba ya rabuwa da hali, ko yana motsi ko yana tsaye, kuma da idonmu muna ganin waɗannan halaye suna zuwa suna gushewa. Abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Fararre kuwa yana buƙatar wanda ya farar da shi. Idan aka ce shi ma wancan fararre ne, to sai a faɗa ɗayan ramuka biyu da malamai ke kira dauru da tasalsuli. Dauru shi ne a ce wannan ne ya samar da wancan, wancan kuma shi ya samar da wannan. Tasalsuli shi ne jerin da ke ta tafiya baya babu matsaya.

Kawu ya fassara mini tasalsuli da abin da kowane mai shiga Kasuwar Sabon Gari ya sani. Ka yi sayayya ka ba mai shago dubu ɗaya, ba shi da canji, sai ya tura yaro wajen maƙwabcinsa. Maƙwabcin ma ba shi da shi, ya tura gaba, na gaba ma ya tura gaba. Idan duk kasuwar babu mutum ɗaya da ke da canji na kansa, kowa aro zai yi, to har a tashi kasuwa kana tsaye. Idan kuwa ka ga canji ya zo hannunka, ka tabbata a can ƙarshen layi akwai wanda bai ara a wajen kowa ba. Samuwarmu aro ce, in ji shi, dole a kai ga wanda samuwarsa tasa ce. Wannan shi ne ma'anar siffar ƙidamu da muke fassarawa da daɗewa.

Wani ɗan Tilimsan ɗin kuma, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, ya zo Kano da ƙafarsa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Rumfan da ya kafa Kasuwar Kurmi. An fi sanin Magili da littafin da ya rubuta wa Rumfa kan sha'anin mulki da kuma zuriyarsa ta unguwar Sharifai, amma gwani ne a ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja. Lokacin da Imam Suyuɗi na Masar ya haramta karanta manɗiƙi, Magili ya aika masa da waƙa yana kare wannan ilimi, Suyuɗi ma ya amsa masa da waƙa. Wato tun fiye da shekara 500 da suka wuce, malamin da Sarkin Kano ya saukar yana cikin masu cewa a yi aiki da hankali wajen fahimtar addini.

Littafin Sanusi ya sami karɓuwa ƙwarai a yankinmu. Fulani sun mayar da shi karatun baka da harshensu, wanda suke kira kabbe, kuma a ƙarshen ƙarni na 17 Malam Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi ya rubuta masa sharhi da Larabci mai suna al-Manhajul Farid, wanda ya ɗauko daga sharhohin Fulatanci. A Katsina an yi Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, masanin lissafi da falaki, wanda ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Malam Abdullahi na Gwandu ma ya faɗa a cikin Ida'un Nusukh cewa a wajen yayansa Shehu Usmanu ya karanta tauhidi daga littattafan Sanusi.

Sai dai kowane ilimi yana da masu wuce gona da iri. A zamanin Shehu an sami wasu ɗalibai da suka riƙa tare talakawa suna yi musu tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujja irin ta littafi sai su ce ba Musulmi ba ne. Shehu Usmanu ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da dama, ya nuna cewa imanin manomi da makiyayi ingantacce ne ko da bai san dauru da tasalsuli ba. Bai hana karatun ba, abin da ya hana shi ne a mayar da shi sandar dukan jama'a.

Hujjar cewa bai hana ba tana cikin gidansa. Jikansa Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, an haife shi a 1804, shekarar hijira daga Degel zuwa Gudu. Mahaifiyarsa Nana Khadija 'yar Shehu ce kuma malama, mahaifinsa Malam Mustafa yana cikin malaman jama'ar Shehu, ya kuma yi karatun sufanci a wajen kawunsa Muhammadu Sambo. Ya zauna ya karantar a garin Salame har rasuwarsa a 1864. Masu tarihi sun san shi da Raudatul Afkar, amma yana ɗan shekara 24 ko 25 ya rubuta al-Futuhatur Rabbaniyya, inda ya auna ra'ayoyin masu cewa babu komai sai jiki da ɗabi'a, ya tattauna gushewar duniya da samuwar ruhi da yanayin falakan sama. Yana kuma da wata gajeriyar waƙa mai zurfi, Kulliyatul Alamis Sitta, a kan asalin jiki da rai da ruhi da makomarsu, har da abin da masana falsafa ke kira hayula, wato asalin abin da ake gina kowane jiki da shi kafin ya ɗauki sura. Wannan fa a ƙasar Sakkwato aka yi shi, da tawada da alƙalamin kara, kafin Turawa su ci ƙasar a 1903. Mu nawa ne cikin masu rubutu da karatun Hausa muka taɓa jin sunansa?

Kada mai karatu ya zaci an rufe maganar tun wancan zamani. Masu lissafi na Turai sun sake buɗe ta. A 1638 Galileo na Italiya ya lura cewa ana iya haɗa kowace lamba da abin da take bayarwa idan aka ninka ta da kanta, 1 da 1, 2 da 4, 3 da 9, a tafi haka babu wadda za ta rasa abokiya, alhali kashi na biyu wani yanki ne kawai na lambobi. Daga 1874 Georg Cantor na Jamus ya gina lissafi sukutum a kan wannan, ya nuna cewa a cikin marar iyaka yanki yana iya yin daidai da duka, har ma wani marar iyaka ya fi wani girma. A lissafinsa, zagayen rana da na Zuhal adadinsu ɗaya ne. David Hilbert, shi ma Bajamushe, ya kawo misali a 1924 da masauki mai ɗakuna marasa iyaka wanda ya cika maƙil, sai ga baƙo. Mai masauki ya ce na ɗaki 1 ya koma 2, na 2 ya koma 3, a tafi haka, sai ga ɗaki na 1 babu kowa, ba a kuma kori kowa ba. A takarda lissafin ya zauna daram. Amma Hilbert ɗin da kansa yana ganin ba a samun irin wannan a cikin abubuwan da ke wajen takarda, kuma har yau masana falsafa suna jayayya a kan haka.

Masu duban sama su ma sun kawo nasu. A 1927 wani limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya lissafa cewa sararin samaniya yana buɗewa, a 1929 kuma Edwin Hubble a Amurka ya nuna cewa gungun taurari suna nisantar mu, mafi nisa ya fi gudu. Idan abu yana buɗewa, to a baya a matse yake. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka bayyana cewa sun gano wani raunannen haske da ido ba ya gani yana zuwa daga kowace kusurwa ta sama, wanda shi ne ragowar zafin wancan lokaci. Awon da aka fitar a 2013 ya sa shekarun wannan buɗewa, da ake kira Babbar Fashewa, a kan kimanin biliyan 13.8. Duk da haka, lissafin masana kimiyya yana tsayawa ne dab da farkon, bai kai ga shi kansa farkon ba, shi ya sa wasunsu ke cewa nan lokaci ya fara, wasu kuma suna neman abin da ya gabace shi. Abin lura shi ne, lokacin da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna cewa binciken ya tabbatar da halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, domin yana ganin bai kamata a ɗaure imani a jikin awon da gobe zai iya canzawa ba. Wannan darasi ne ga masu wa'azinmu da ke gaggawar ɗauko kowane sabon bincike su ce ga hujja.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na ƙarshe. A 1979 wani masanin falsafa Ba'amurke kuma Kirista, William Lane Craig, ya fitar da littafi a kan hujjar al-Kindi da Gazali, ya kuma bar mata sunanta na Larabci, kalam. Yau da wannan suna ake karanta ta ana muhawara a kanta a jami'o'in Amurka da Ingila. Mu kuwa da littafin ke cikin gafakar kakanninmu, yaro ya yi tambayar sai mu ce ya yi a'uziyya. Yaran nan waya tana hannunsu. Wanda aka rufe wa baki a gida zai je ya tambayi intanet, zai sami masu amsa masa, sannan ya girma da zaton cewa tunani kayan Turawa ne, addininsa kuma tsoron tambaya yake yi. Laifin namu ne da muka haddace siffofi 20 muka bar hujjojinsu a zaure.

Da na dawo daga Fagge na kira 'yata, na ɗauko guga da igiyar gidanmu na yi mata misalin nan. Ta saurara, ta ce ta gane, sannan ta ce, "To Baba, Aljanna fa? Ai an ce ita ba ta ƙarewa." Wannan karon ban yi faɗa ba. Na ce mata igiyar da ake ta ƙara wa tsawo a gaba daban take da wadda aka ce an gama jawo ta daga baya, kwanakin Aljanna kullum ƙaruwa suke yi, ba a taɓa cewa an gama ƙirga su. Ragowar bayanin kuma na ce ta shirya ranar Juma'a mu je ta ji daga bakin kakanta na Fagge.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu haƙurin sauraron 'ya'yanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Wassalamu alaikum.